Indiya ta buɗe ƙofa a 1991: wa ya kwashi ribar, wa aka bari da asarar?

Ɗalibin Pune: Assalamu alaikum jama'ar zaure, daga nan birnin Pune na Indiya. Jiya cikin hirar canjin dala Alhaji ya ce da mun yi abin da Indiya ta yi a 1991 da tuni mun wuce wurin. Maganar ta fi ƙarfin a bari ta nutse, shi ya sa na ɗauko ta daban.

Ga abin da ya faru. A tsakiyar 1991 kuɗin waje da ya rage wa Indiya bai wuce na sayen kayan mako biyu zuwa uku ba. Yaƙin Tekun Fasha ya ɗaga farashin mai, 'yan ƙasar da ke aiki a Kuwaiti sun gudo gida hannu rabbana, Tarayyar Sobiyat da suka saba ciniki da ita tana wargajewa. Sai da aka kwashi zinare tan 67 aka kai jingina Ingila da Suwizalan. Gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a kujerar ministan kuɗi, ta karɓi rancen IMF, ta karya darajar rupi, ta soke tsarin lasisin da ya sa ba ka isa ka kafa masana'anta ko ka ƙara yawan abin da kake ƙerawa ba sai da takardar Delhi. Aka sassauta kuɗin fito, aka yi wa jarin waje lale. A 1995 suka shiga ƙungiyar ciniki ta duniya WTO, zuwa 2001 suka janye takunkumin yawan kayan da ake shigowa da su.

Ba na musu cewa dukiya ta samu. Abin da nake so mu tattauna shi ne hannun wa ta shiga, kuma in kasuwa ta juya baya wa ake bari da asarar.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. To ai ni ban janye ba. Ka fita bakin titi a Kano ka ƙirga A Daidaita Sahu, Bajaj ne ko TVS. Ka shiga kyamis ka juya kwalin magani ka ga inda aka yi shi. Mai ciwon ƙoda in ya samu hali ina yake nufa? Kafin 1991 Ba'indiye sai ya rubuta sunansa ya jira shekaru kafin a sayar masa da babur a ƙasarsa, haka layin tarho. Yau su ne ke sayar mana. Kuɗin da 'yan ƙasarsu ke aikowa gida daga waje ya haura dala biliyan 100 a shekara, babu ƙasar da ta kama ƙafarsu. In wannan ba riba ba ce, a nuna min riba.

Baba Kakuri: Alhaji, kai dila kake gani ta iso kwantena, ni kuwa hannun da ya saƙa ta nake tambaya. Na yi aikin masaƙa a Kaduna har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo, kuma tun muna ƙungiya muke bin labarin 'yan uwanmu na Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai. Janairun 1982 ma'aikatan masaƙa kusan 250,000 suka ajiye aiki a ƙarƙashin Datta Samant. Aka haura shekara ana ja, ba su samu komai ba, dubbai ba su sake taka ƙofar masaƙa ba. Je ka duba filayen nan yanzu, kantunan alfarma ne da benaye. Wanda ubansa ya ƙare rayuwarsa a gaban injin saƙa a wurin, in ya yi sa'a shi ne mai gadin kantin.

Malama Mai Alli: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ka dubi shekarun. Yajin 1982 ne, buɗe ƙofar kuma 1991, don haka ba za a ɗora wa buɗe kasuwa mutuwar waɗannan masaƙu kai tsaye ba. Sun riga sun tsufa, masu su sun daina zuba musu kuɗi. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. Saƙar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Ta koma ƙananan rumfunan injin saƙa a garuruwa irin su Bhiwandi, nan kusa da Mumbai, inda mutum ke tsayuwa awa 12, ana biyansa gwargwadon yadin da ya saƙa, ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba ƙungiya. Sannan daga 1991 aka sassauta dokar filayen masaƙun, sayar da fili ya fi saƙa riba. Wato yadin yana nan yana fita, har ma ya ƙaru. Ma'aikaci mai haƙƙi ne ya ɓace.

Wannan salon shi ne ya mamaye masana'antun ƙasar daga baya. A manyan masana'antu masu rajista, kimanin mutum 2 cikin 5 yanzu ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke su, alhali a ƙarshen shekarun 1990 wajen 1 cikin 5 ne. In aka haɗa ƙasar gaba ɗaya, kusan 9 cikin 10 na masu aiki ba su da wata kariya ta doka da za su dogara da ita.

Alhajin Kwari: Malama, da aikin kwangila da zaman banza wanne ya fi? Ku 'yan boko kuna son a ba kowa fansho tun kafin a gina masana'antar.

Malama Mai Alli: Alhaji, aikin ya fi zaman banza, babu mai ja. Sai dai ka dubi yawansa. Harkar kwamfuta da ake ta yi wa kirari, su Infosys da TCS da Wipro da sauransu, duk ma'aikatanta miliyan 5 ne da wani abu, a ƙasar da masu aiki suka haura miliyan 500. Rabon masana'antu a tattalin arzikin ƙasar ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 15 zuwa 17 cikin 100, duk da alƙawarin da Firaminista Modi ya yi a 2014 na kai shi 25. Shi ya sa har gobe kusan kashi 45 na masu aiki a gona suke, gonar da ba ta samar da ko kashi 20 na dukiyar ƙasa. A Sin mutane sun bar gona sun shiga masana'anta. A Indiya yawanci sun bar gona ne sun koma leburancin gini da dako da tura keke.

Ɗalibin Pune: Bari in kawo misali ɗaya don a ga yadda kwangilar ke aiki a cikin masana'anta. Kamfanin mota na Maruti Suzuki, reshensa na Manesar a jihar Haryana. Mutum biyu a kan layi ɗaya, ƙusa ɗaya suke ɗaurewa, ɗaya na dindindin ɗaya na kwangila, na kwangilar da ƙyar yake samun rabin albashin ɗan uwansa. A 2011 ma'aikatan suka yi ta yaji suna neman ƙungiya tasu ta kansu, kuma cikin buƙatunsu har da a mayar da 'yan kwangila na dindindin. Ran 18 ga Yulin 2012 rikici ya ɓarke, wuta ta tashi, wani manaja ya rasa ransa. Kamfanin ya sallami na dindindin sama da 500 da 'yan kwangila wajen 1,800. Aka gurfanar da 148. A 2017 kotu ta wanke 117, bayan da yawansu sun share shekaru a tsare, ta samu 31 da laifi, 13 aka yi musu ɗaurin rai da rai, galibinsu shugabannin ƙungiyar.

Ran da aka rasa rai ne, ba wanda zai goyi bayan hakan. Amma saƙon da duk wani matashi da ke aiki a yankin ya ɗauka shi ne kafa ƙungiya na iya kai ka kurkuku.

Baba Kakuri: Allah ya yi maka albarka ɗana. Ka lura da abin da ya harzuƙa kamfanin: na dindindin ne suka tsaya wa na kwangila. Wannan shi ne abin da masu jari ba sa yafewa ko'ina a duniya.

Ɗan Fagge: Ni dai duk Indiyar da na sani ta fim ce, kowa da bene da mota. Ashe akwai masu shan wuya haka?

Shugaban Zaure: Ɗan Fagge, a bar mana maganar fim zuwa daren Asabar. Malam na Funtuwa, kai ne mutumin auduga, mun ji ka shiru.

Malamin Gona Funtuwa: Ina biye, ranka ya daɗe, ina gona ne sabis na yankewa. Ni abin da ya dame ni da labarin Indiya audugar ce, don abin ya iso ƙofarmu. A 2018 aka amince da irin audugar Bt a Najeriya, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kashe tsutsa da kansa, kuma kamfanin Mahyco na Indiya ne ya kawo shi tare da cibiyar binciken noma ta Samaru. Su a can tun 2002 suka fara, Mahyco da Monsanto, yanzu sama da kashi 90 na gonakin audugarsu shi ne.

Gaskiya a farko ya yi rana. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta ragu, feshi ya ragu, amfani ya ƙaru, Indiya ta shiga sahun gaba a duniya wajen noma da fitarwa. Matsalar ita ce irin haɗi ne, ba ka ajiye shi ka shuka baɗi, dole ka koma shago duk damina. Kuma yana son taki da ruwa. A yankin Vidarbha na jihar Maharashtra yawancin manoma ruwan sama suke jira kamar mu. Ka ci bashin iri da taki da magani a wurin mai shago, sau da yawa shi ne kuma mai saye a kaka, ruwa ya ɗauke maka a lokacin fure, shi ke nan. Wajen 2015 kuma jar tsutsa ta saba da irin, aka koma feshi ba ƙaƙƙautawa. A 2017 a gundumar Yavatmal mutum sama da 20 suka mutu sanadin shaƙar maganin feshi.

Alƙaluman gwamnatinsu da kanta suna nuna sama da mutum 10,000 ne ke kashe kansu duk shekara a tsakanin manoma da 'yan ƙwadagon gona, kuma Maharashtra ce kan gaba. Allah ya tsare mu.

Malama Mai Alli: Amin. Sai dai a yi hattara da masu cewa irin ne ke kashe su. Matsalar ta girmi irin, an fara ƙirga waɗannan mace-macen tun 1995. Tushen abin bashi ne da farashi. Da aka buɗe ƙofa, farashin audugar manomin Vidarbha ya koma bin na kasuwar duniya, kasuwar da Amurka ke zuba wa manomanta tallafin biliyoyin dala. Wannan ne kukan da Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai taron WTO na Kankun a 2003, Burazil ma ta kai Amurka ƙara a kan haka ta yi nasara. Manomi mai hekta ɗaya, kuma kashi 86 na manoman Indiya ba su kai hekta 2 ba, an sa shi gasa da baitulmalin Amurka.

Haka man girki. A farkon shekarun 1990 Indiya ta kusa wadatar da kanta da man gyaɗa da mustad da waken soya. Aka sauke kuɗin fito, manjan Indunusiya da Malesiya ya kwararo. Yau fiye da rabin man da suke ci daga waje yake zuwa. Mai saye a birni ya samu sauƙi, wannan gaskiya ce, manomin gyaɗa kuma ya nemi wani abin shukawa.

Malamin Gona Funtuwa: Burkina ma ai sun gwada irin Bt ɗin suka ajiye shi a 2016, saboda zaren ya gajarce masu saye suka rage kuɗi. Duk wanda ya zo min da tallan iri yanzu, tambayata ta farko wa zai saya a kaka kuma nawa.

Alhajin Kwari: To mu zo kan dokokin noma uku na 2020, tun da na san can kuka nufa. Modi ya ce manomi ya sayar wa wanda ya ga dama a inda ya ga dama, ba dole sai kasuwar gwamnati ba, ya iya ƙulla yarjejeniya da kamfani tun kafin shuka, ɗan kasuwa kuma ya iya tara kaya a sito ba tare da an ce ya ɓoye abinci ba. Ni ɗan kasuwa ne, ban ga aibu a nan ba. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya faɗa a 2015 cewa kashi 6 cikin 100 na manoma ne kawai ke sayar wa gwamnati a farashin da take yankewa. Su waye suka tare hanya? Manoman Punjab da Haryana masu tarakta, da dillalansu masu cin kamasho. Shafaffu da mai ne suka hana sauran ƙasar gyara.

Ɗalibin Pune: Ranka ya daɗe, akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba. A Punjab da Haryana gwamnati na sayen mafi yawan alkama da shinkafar da aka kawo kasuwa a kan farashin da aka sanar tun kafin girbi. Manomi ya san abin da zai samu, da shi yake aurar da 'ya, da shi yake biyan bashin tarakta. Tsoronsu shi ne in aka buɗe kasuwar 'yan kasuwa wadda ba haraji a gefen ta gwamnati mai haraji, manyan kamfanoni za su ba da farashi mai kyau shekara biyu ko uku har ta gwamnatin ta mutu, daga nan su yanka yadda suke so. Kuma suna da abin nunawa: jihar Bihar ta soke kasuwannin gwamnati tun 2006, kuma manomin Bihar na sayar da shinkafarsa ƙasa da farashin gwamnati, shi ne ma ke hawa jirgin ƙasa zuwa Punjab yin ƙwadagon dashe. Wani abin da ya ƙara ɓata musu rai, dokar ta ce in rigima ta taso tsakanin manomi da kamfani ba za a je kotun farar hula ba, jami'in gwamnati ne zai sasanta.

Wani abokin karatuna ɗan Punjab ya zauna a sansanin zanga-zangar manoma na Singhu, kan iyakar Delhi, ya nuna min hotunan da ya ɗauka. Bayan tarakta an shimfiɗa masa ciyawa da katifa an lulluɓe da tampol ya zama ɗaki, jere da jere tsawon kilomitoci a kan babbar hanya. Ga tukwane manya ana dafa abinci dare da rana kyauta, har talakawan unguwar da ke kusa suna zuwa ci, kamar yadda Sikh ke yi a wuraren ibadarsu. Ga injin yin gurasa, ga injin wanki, ga rumfar likita, ga ta littattafai. Ƙauye kan raba kansa rukuni rukuni, waɗannan su zo su yi kwanakinsu su koma, wasu su karɓe su, waɗanda ke gida kuma su yi wa na sansani ban ruwa a gona. A ɗaya ɓangaren 'yan sanda sun jera shingen kankare da waya mai ƙaya, sun kafa ƙusoshi a kwalta, an yanke intanet.

Sun iso ran 26 ga Nuwamban 2020, suka ci sanyin Delhi da zafinta da damina. Ƙungiyoyinsu sun ce sama da mutum 700 suka rasu a zaman. Ran 19 ga Nuwamban 2021 Modi ya fito ya ce ya janye dokokin uku. Mutumin da ba a saba ganin ya ja da baya ba.

Alhajin Kwari: Ya janye ne don zaɓen Punjab da Uttar Pradesh ya ƙarato, ba don an fi shi hujja ba. Kuma ku faɗi ɗaya gefen: wannan farashin gwamnatin ne ya sa Punjab ke noman shinkafa a ƙasar da ba ta shinkafa ba, ga wutar famfo kyauta, ruwan ƙasa na ta yin nisa duk shekara. Nan da wani lokaci za su nemi na sha.

Malama Mai Alli: Wannan kam haka yake, Alhaji, kuma su kansu manoman sun sani. Akwai ma abin da ba a cika faɗa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Punjab 'yan Dalit ne, waɗanda tsarin gado ya ajiye a ƙasa, kuma ɗan abin da suka mallaka na gona bai taka kara ya karya ba. Su ne 'yan ƙwadagon masu taraktar. Sun shiga zanga-zangar don in gona ta mutu su ma sun mutu, amma da aka koma gida rigimar kuɗin dashe tana nan inda aka bar ta.

Duk da haka ni abin da na ɗauka shi ne, zaɓe ko ba zaɓe ba, waɗanda suka iya taka wa gwamnati birki su ne masu wani abu a hannu da kuma tsarin da ya haɗa su. Dubi 2019. An gama shirin sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta RCEP da Sin da Japan da Ostireliya da Niu Zilan da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, Indiya ta fice a Bankok a watan Nuwamba. Tsoron kayan Sin na ciki, amma masu madara ma sun taka rawa. Ƙungiyar gama kai ta Amul a Gujarat tana da masu tatsa sama da miliyan 3, da yawansu mata masu saniya biyu ko uku. Suka ce in garin madarar Niu Zilan ya shigo ba haraji sun kaɗe. Gwamnati ta ji.

Bamaraɗe: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni shinkafa nake ɗaukowa, kuma abin da zan ce Alhaji ya daina cewa Indiya ta buɗe ƙofa kamar ta cire ƙyauren ta yar. Suna buɗewa in ta yi musu, su rufe in ta yi musu. Wajen kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa a kasuwar duniya tasu ce. A 2022 suka hana fitar da karyayyar shinkafa, a Yulin 2023 suka hana farar da ba basmati ba, don kada ta yi tsada a gida. Mu da ke jiran kaya daga bakin teku mun ji a jikinmu, buhu ya tashi muna kallo. Kuma suna raba hatsi ga mutum wajen miliyan 800, WTO ta yi ta ƙorafi a kan rumbunan gwamnatinsu, suka kafe a taron Bali na 2013 har aka ɗaga musu ƙafa. Mu da aka ce mu buɗe, buɗewa muka yi gaba ɗaya.

Malamin Gona Funtuwa: Sai dai shi manomin shinkafar Indiya bai ji daɗin hanin ba, don an toshe masa farashi mai kyau lokacin da duniya ke nema. Haka suke yi wa masu albasa. In farashi ya faɗi a ce masa kasuwa ce, in ya tashi a rufe iyaka.

Ga wani misalin. A Agustan 2025 Trump ya ɗora wa kayan Indiya harajin kashi 50, rabinsa wai hukuncin sayen man Rasha. Garin Tiruppur da ke ɗinka rigunan da ake kai wa Amurka ya shiga ruɗani, haka masu goge lu'ulu'u a Surat da masu kiwon jatan lande a Andhra Pradesh. Me gwamnati ta yi don ta rage wa masaƙu zafi? Ta ɗage harajin kashi 11 da ke kan audugar waje na wasu watanni. Tela a Tiruppur ya ɗan numfasa, manomin Vidarbha da ke shirin kai kaya kasuwa ya dafe kai. Talaka biyu, maganin ɗaya ciwon ɗaya.

Baba Kakuri: To ina ƙungiyoyin ƙwadago a duk wannan? Abin da ke ci min rai ke nan. Indiya ta riga mu, ƙungiyar ƙwadagonsu ta AITUC tun 1920 aka kafa ta. Amma kowace jam'iyya da tata: INTUC ta Congress, CITU da AITUC na 'yan gurguzu, BMS kuma 'yar gidan su Modi ce, ba ta cika shiga yajin gama gari ba. Sukan kira yajin kwana ɗaya ko biyu su ce mutum miliyan 250 sun amsa, kamar yadda suka ce a Nuwamban 2020 da Yulin 2025. Bankuna su rufe, ma'adinan kwal su tsaya, washegari kowa ya koma aiki. Gwamnati ta haɗe dokokin ƙwadago 29 ta mayar da su 4, ta fara aiki da su a Nuwamban 2025. Da, masana'anta mai ma'aikata 100 sai ta nemi izini kafin ta rage mutane ko ta rufe, yanzu sai mai 300. Yaji kuma sai an ba da sanarwar kwana 14 a kowace ma'aikata. Duk yajin da aka yi bai hana ba.

Ƙungiyar da ke kare mutum ɗaya cikin goma kamar mai gadi ne da aka ajiye a ƙofar gaba alhali katangar baya ta zube. Mu ma haka muka yi a Kaduna, muna ta rigimar ƙarin albashi da alawus, 'yan wucin gadi na shiga ta gefenmu ba mu ko san sunayensu ba.

Alhajin Kwari: Baba, waɗannan sababbin dokokin ai sun ce mafi ƙarancin albashi ya shafi kowa, kuma sun ambaci masu kai saƙo a babur na su Zomato da Swiggy a karon farko. Ka faɗi wannan ma. Sannan in ka matsa wa mai jari ai tattarawa zai yi ya koma Biyetnam ko Bangaladash. Nokia ta rufe masana'antarta ta kusa da Chennai a 2014, dubban 'yan mata suka koma gida.

Ɗalibin Pune: Ranka ya daɗe, rigimar haraji ce da gwamnati ta rufe Nokia, ba ƙungiya ba. Kuma a wannan yankin dai, Sriperumbudur, ma'aikatan Samsung sun yi yajin sama da wata guda a 2024 suna neman a yi wa ƙungiyarsu rajista, aka yi mata a farkon 2025, kamfanin bai gudu ba. Amma barazanar da ka faɗa tana aiki sosai, har tsakanin jihohi. A 2023 Karnataka ta halatta aikin awa 12 a masana'antu don jawo masu haɗa waya. Tamil Nadu ta bi sahu, ƙungiyoyi da abokan ƙawancen gwamnatin suka yi ca, aka janye ran 1 ga Mayu.

Hajiya Mai Ɗinki: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Duk maganarku ta masu masana'anta ce da masu tarakta. Ni ranar da na gane Indiya ita ce lokacin korona, da Modi ya rufe ƙasa ran 24 ga Maris 2020 da sanarwar awa huɗu. Muka ga mata da goyo da ƙullin kaya a ka suna taka ɗaruruwan kilomita zuwa ƙauyukansu, saboda ɗan kwangila ya kashe waya, mai ɗaki ya ce a fita. A watan Mayu jirgin kaya ya bi ta kan mutum 16 da gajiya ta sa suka kwanta a kan layin dogo kusa da Aurangabad. Waɗannan su ne suka gina benayen da Ɗan Fagge ke gani. Wace ƙungiya ce tasu?

Malama Mai Alli: Hajiya, akwai masu ƙoƙari. SEWA, wadda Ela Bhatt ta kafa a Ahmedabad a 1972, ta mata ce masu sana'ar hannu, masu ɗinki a gida irinki, masu talla, masu tsintar bola. Mambobinta sun haura miliyan 2, suna da bankinsu da inshorarsu. Da farko hukuma ta yi jinkirin yi musu rajista, wai ƙungiyar ƙwadago dole sai da ubangidan da za a yi jayayya da shi. Ƙanena na Pune, ba a garinku 'yan dako ke da nasu tsarin ba?

Ɗalibin Pune: Haka ne Anti. Tun 1969 Maharashtra ke da dokar 'yan dako, kuma a Pune marigayi Dakta Baba Adhav ne ya daɗe yana jagorantar ƙungiyarsu. Yadda abin yake, ɗan dako zai yi rajista da wata hukuma da ta ƙunshi wakilan 'yan kasuwa da na 'yan dako da na gwamnati. Ɗan kasuwa ba ya miƙa masa kuɗi a hannu. Ana rubuta buhu nawa rukuninsu ya sauke, ɗan kasuwa ya zuba ladan a hukumar tare da wani ƙarin kaso, ƙarshen wata hukumar ta biya kowa, ƙarin kuma ya tafi asusun ajiyarsa da garatuti da magani. Ko yau ka yi wa wannan aiki gobe ka yi wa wancan, haƙƙinka na taruwa wuri ɗaya. A babbar kasuwar hatsi ta garin za ka gan su da littafinsu, suna da gidan abincinsu mai rahusa da ƙungiyar ke gudanarwa. 'Yan kasuwa na kukan cewa akwai 'yan daba da ke fakewa da sunan ƙungiya suna karɓar kuɗi a ƙofar masana'antu, kuma ana ta matsa lamba a rage wa dokar ƙarfi.

Alhajin Kwari: Ka ga inda gizo ke saƙar. Ni da za a ce hukuma ce mai littafi, in zuba kuɗin in ga rasit, in san yaron da ke sauke min dila in ya karye akwai mai kai shi asibiti, wallahi zan biya, don yanzu ma daga aljihuna nake biya. Abin da ba zan yarda ba shi ne wani ƙato ya tsaya min a bakin rumfa da sanda ya ce shi ne ƙungiya.

Baba Kakuri: To Alhaji, mun rubuta mun ajiye, shaidu sun gani. Ɗana na Pune, ka samo mana takardar dokar nan ka turo, ko da Turanci ce Malama ta fassara mana sassan da suka shafi rajista da kason da ake cirewa. Ina da mutane a ƙungiyar 'yan dako ta kasuwar nan tamu da zan kai wa.

Ɗalibin Pune: In sha Allahu Baba, zan leƙa ofishinsu bayan jarrabawa in tambayo har da yadda suke lissafin buhu.